Bi Omoh da Saƙon Ganyen Lemo

Allah bai ba Bi Omoh haihuwa ba (Bi a wajenmu kamar a ce gwaggo ne), amma duk wanda ya tashi a layinmu na ƙauyen Sukasirna ya taɓa ɗaukar mata rantang. Ni ma na ɗauka tun ina 'yar mitsitsiya da giɓi a baki. Ga shi yanzu ina da shagon ɗinki jikin gidanta, 'yata Titin kuma ta shiga sahu. Rantang langa ce mai hawa-hawa da mariƙi a sama. Na Bi Omoh suna da yawa, duk tsofaffi, fentinsu ya ɓaɓɓare a gefe, kowanne ta ɗaura masa jan zare a mariƙi don kada ya ɓace a gidan mutane.

Sana'arta girkin biki. Duk auren da aka yi a Sukasirna ba ita ce a bakin tukunya ba, to a bincika, faɗa aka yi da ita. Gajeriya ce mai jiki, muryarta kuwa in tana kiran yaro daga madafa har masu aiki a gonar shinkafa sai sun ɗago kai. Mijinta Mang Karna direban motar haya ne tsakanin nan da garin Garut, ya rasu tana da sauran ƙuruciyarta. An yi ta zuwa neman aurenta tana ƙi, ta ce ita ta gama wankin rigar da ke warin baƙin mai. Tun daga nan take zaune ita kaɗai da tukwanenta da wata kyanwa mai ido ɗaya, sai 'ya'yan mutane da ba sa rabuwa da ƙofar madafarta saboda ƙanzo. Ba mai sauƙin hali ba ce, kada wani ya ɗauka waliyyiya nake ba da labari. Ta taɓa yin wata guda ba ta amsa gaisuwata ba don na ce miyar wani biki da ba ita ta yi ba ta yi daɗi.

A wajenmu in azumi ya zo ƙarshe, kowane gida yakan yi girki na musamman a zuba a rantang a aika wa dangi da maƙwabta. Shinkafa a hawan ƙasa, kaza da madarar kwakwa a na biyu, dankali da hanta da yaji a na uku, na sama kuma kayan zaƙi. Rantang ba ya komawa gida wayam. Gidan da aka kai wa sai su juye, su wanke, su zuba nasu girkin a mayar. Wanda ya mayar da shi babu komai, za a yi ta zancensa har babbar Sallah. Yara ake aike, shi ya sa a kwanakin nan hanya takan cika da su, kowa ya karkace gefe ɗaya saboda nauyi.

Masu 'ya'ya nasu suke aike. Bi Omoh aro take yi, kuma ba a hana ta, don iyaye sun lura yaron da ya yi 'yan kwanaki a madafarta yakan dawo gida da ɗan hankali. Ba ta ɗaukar manya. Ta fi son waɗanda ba su shiga firamare ba ko suka shiga kwanan nan, ta ce manyan sun riga sun san gidan da ake ba ɗan aike alawa da gidan da ba a bayarwa, ƙafarsu ta koyi zaɓe. Takan jera su a benci, ta duba farce, ta kori mai majina ya je ya face, sannan a fara karatu. Duk yarinya Neng ce a bakinta, duk yaro Ujang, sai wanda take shirin yi wa faɗa shi take kira da sunansa.

"Deden, in ka isa me za ka ce?"

"In ce assalamu alaikum, ga sadaka..."

"Sadakar ƙaniyarka! Wa ya ce maka wurin mabarata na aike ka? Neng, ke gaya masa."

"Bi Omoh tana gaisuwa, ga ɗan abin buɗa-baki."

"Yauwa. Da hannu biyu kuma. Ba a gudu, ba a leƙa tukunyar mutane, ba a tsayawa ana zare ido kamar mai jiran canji. In an ba ka wani abu ka yi godiya, in ba a ba ka ba ka yi godiya."

"Bi, in kare ya biyo ni fa?"

"Ka ba shi ƙafarka, Ujang, amma kada ka ba shi kazata."

Tana toya wani ɗan biskit mai abarba a ciki. Kowane yaro takan ɗora masa biyu a tafin hannu, ta ce ɗaya nasa ne, ɗaya kuma ya saka da kansa a hawan sama na rantang ɗin da zai kai. A nan ake ganin hali. Wani ya yi ta juya su yana auna wanda ya fi girma, wani ya ɗan gutsuri gefe kafin ya saka. Deden, ɗan mai gyaran babur, ya taɓa zaɓar wanda ya karye ya tura ciki da sauri ya rufe. Bi Omoh ta buɗe ta ciro ta miƙa masa, ta ce wannan shi zai ci, mai kyan shi ne na mutane. Ya yi kuka har da shessheƙa, ya saka, ya kai. Da ya dawo ta ƙara masa ɗaya, ta ce ba ladan kyauta ba ne, ladan daina kuka ne.

Akwai kuma gidajen da saƙonsu yake da ƙari. Gidan da ta san ba su da abin mayarwa ba ta aika musu rantang haka kawai, don ta san abin da zai biyo baya. Matar gidan za ta shiga ɗaki tana zagaye, ƙarshenta ta juye abincin da 'ya'yanta za su ci ta mayar, kyauta ta zame mata wahala. Sai Bi Omoh ta haɗa ɗan aiken da roƙo. "Ka ce Bi Omoh ta ce ganyen ayaba ya yanke mata, don Allah a taimaka mata da shi a cikin rantang." Wani gidan barkono, wani gidan citta, duk abin da ta san yana tsiro a bayan gidan kyauta. Matar gida ta cika rantang da ganye ta mayar fuskarta a sake, ai ta fitar da mai girkin biki kunya ana tsakiyar hidima.

A bayan madafar Bi Omoh kuwa akwai ayaba, akwai citta, akwai barkono, ga bishiyar lemun tsami da ganyenta zai ishi miyar ƙauyen nan gaba ɗaya. Ba ta taɓa yi wa yara bayani ba. Yaro yakan yi shekaru yana kai saƙon, har wata rana ya tsaya a bayan madafar ya kalli lambun, ya juyo ya kalle ta. Sai ta ce, "Ka gani ko? To rufe bakinka." Karatun ke nan gaba ɗaya, ni ma haka aka yi mini shi.

A cikin gidajen nan akwai wanda ya fi kowanne nauyi a wurinta, gidan Nini Uti, wato Kaka Uti. Yaran yanzu sun san ta a tsohuwa mai sanda da ke zaune a wani ɗakin katako bayan masallaci. Mu mun san ta lokacin da mijinta Haji Sobana yake da injin casar shinkafa, gidansu ba ya rabuwa da baƙi. A madafarta Bi Omoh ta koyi girki, 'yar aiki ce a gidan tun tana yarinya har aka yi mata aure daga can. Haji ya rasu, injin ya tsufa, ɗansu guda ya sayar da babban gidan ya tafi tsibirin Kalimantan neman arziki. Ya yi aike a shekarun farko, daga baya shiru. Abin da ya rage mata ɗakin katakon nan ne, da bishiyar lemun tsami a ƙofa, da jin kai da bai ragu ko ƙwaya ɗaya ba.

Masu raba zakkar fidda-kai sun taɓa kai mata shinkafa, ta ce su kai wa mabukata, ba su sake ba. Maƙwabta ma sun daina aika mata rantang, ba don mugunta ba, sai don an gano shekarar da suka aika zanenta na ado ta sayar ta cika musu shi da nama. Abincin Sallah na kirki da ke shiga cikinta a shekara na Bi Omoh ne kaɗai, wanda ke zuwa da roƙon ganyen lemo. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Har gobe Bi Omoh Bu Haji take ce mata, wato matar Haji, kuma ba ta zama a kujera in tsohuwar tana wurin.

A azumin bara ne Titin ta fara ɗaukar rantang. Yarinya ce mai tausayi ga surutu, haɗin da ni uwarta nake tsoro. Takan yi kuka in an yanka kaza, sannan ta je ta gaya wa mai kazar abin da na ce game da tsadarta. Bi Omoh ta zaɓe ta ta kai wa Nini Uti don ta fi sauran iya gaisuwa, ta maimaita mata saƙon ganyen lemo har ya zauna. Abin da ba mu sani ba, Deden ya gano lambun a shekarar nan, sanin yana ta kumbura masa ciki. A hanya ya raɗa wa Titin komai.

An yi ruwa ranar, ƙofar Nini Uti ta yi santsi. Tsohuwa ta karɓi rantang, ta ji saƙo, ta ɗauki sanda da 'yar wuƙa ta fita cikin yayyafi za ta tsinko ganye, ƙafarta na rawa a kan laka. Titin ta ga haka, tausayi ya kama ta.

"Nini, ki bar shi kada ki faɗi. Bi Omoh fa tana da bishiyarta cike da ganye. Don kada ki ji kunyar ba ki da abincin mayarwa ne take cewa haka."

Matar limami da wata maƙwabciya suna tsaye a rumfar masallaci suna jiran ruwa ya tsagaita, a kunnensu aka yi. Nini Uti ta koma ciki, ta fito da rantang ɗin yadda aka kawo shi, ko murfin ba ta ɗaga ba.

"Neng, mayar mata. Ki ce na ƙoshi."

Ina kan keke ina fama da kayan Sallar mutane na hango Titin tana dawowa a karkace yadda ta tafi. Rantang ɗin da ya dawo wayam abin kunya ne. Wanda ya dawo a cike kuwa, ban taɓa gani ba sai tsakanin mutanen da suka kai juna gaban dagaci. Na bi ta madafa. Da ta maimaita abin da ta faɗa, tana ɗan murmushi tana jiran yabo, sai na cire silifa.

"Enok, mayar da takalminki," in ji Bi Omoh. "A madafata ba a dukan yaro don ya ji tausayin tsohuwa."

"Bi, kin ji fa abin da ta yi!"

"Na ji, ba kurma ba ce ni. Ki zauna, ko ki koma kan kekenki."

Ta kifa turmi ta zaunar da Titin a kai, ita kuma ta durƙusa a gabanta da gwiwoyin nan nata masu ciwo.

"Neng, ƙarya kika yi?"

"A'a."

"To me ya sa Nini ta ƙi abincin?"

"Ban sani ba."

"Ɗazu da na ba ki biskit biyu kika saka ɗaya a rantang, yaya kika ji?"

"Na ji daɗi."

"Da na ciro shi na ce ki riƙe abinki ba a so, fa?"

"Da na yi kuka."

"To ganyen nan shi ne biskit ɗin Nini. Shi kaɗai gare ta da za ta saka."

Sai a lokacin yarinyar ta fahimta, ta fashe da kukan da ya fi wanda silifata za ta sa ta. Deden kuwa an neme shi an rasa, sai can aka zaƙulo shi ƙarƙashin benci a shagon ubansa. Bi Omoh ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Na ce ka rufe bakinka, ka rasa inda za ka buɗe shi sai a kunnen wadda ta fi rediyo." Sannan ta hana shi ɗaukar rantang na sauran yinin, ta ba shi ɓarar tafarnuwa.

Washegari ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita ta tafi da kanta, hannu wofi. Ta yi ta sallama ƙofa a rufe, alhali ana jin tarin tsohuwa daga ciki. Ta dawo ta zauna a shagona, abin da ba ta taɓa yi ba ana hidima. Ban taɓa ganin ta yi laushi haka ba. Ta ba ni tausayi ƙwarai, haushin tsohuwar kuma ya cika ni, don a ganina mutum ba ya faɗa da cikinsa saboda maganar yarinyar da ko ɗaura zane ba ta iya ba.

"Bi, mu ajiye mata a bakin ƙofa mu tafi mana. Yunwa za ta sa ta ɗauka."

"Kyanwa ce ita?"

"To a ba matar limami ta kai a matsayin nata."

"Wadda aka yi abin a gabanta? Enok, ki tsaya kan ɗinki, nan Allah ya ba ki."

"To sai ta yi Sallah da ruwan shayi ke nan?"

"Za ta iya. Ba ki san ta ba."

Sallah tana ta matsowa, layi ya cika da ƙamshi, ana ta saƙa ganyen kwakwa ana dafa shinkafa a ciki. Yara suna ta kai-kawo, suna wuce ƙofar Nini Uti ba wanda ke tsayawa. Titin ta daina surutu, abin da na daɗe ina roƙon Allah, amma da ya zo ban ji daɗinsa ba. Takan ture abinci ta ce mini, "Ema," wato mama, "ita Nini me take ci?" Daga ƙarshe ta je da kanta ta tambayi Bi Omoh abin da za ta kai wa Nini ta huce.

"Ba komai," in ji Bi Omoh. "Da baki kika yi ɓarna, da baki za ki je. Kada ki ce ai ban sani ba, kada kuma ki kira sunan Deden."

Ranar jajibiri da hantsi Titin ta tafi, na bi bayanta na laɓe a bayan tankin alwala na masallaci. Nini Uti tana zaune a dokin ƙofa da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga 'yar shinkafar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Titin ta durƙusa, ta kama hannunta ta kai goshi yadda ake yi wa manya.

"Nini, ki yafe mini."

"Me kika yi?"

Titin ta yi tunani sosai. "Na faɗi gaskiya."

Tsohuwa ta dube ta, wata 'yar dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Sannan ta ɗaga murya. "Enok, fito daga bayan tankin nan, ƙafafunki a waje suke."

Na fito ina sunkuyar da kai, na gaishe ta.

"Kuna tsammanin ban sani ba ne?" in ji ta. "Bishiyar da ke bayan madafar Omoh ni na ba ta dashenta ranar da ta tare. Maganar ganye kuma, a wurin wa kuke tsammani ta koya? Uwarta tana ɗakin haya bakin rafi da 'ya'ya rututu, kowace Sallah in na aika mata rantang, ni ce ganyen ayaba ke yanke wa." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Na sani, ita ma ta san na sani. Shekara da shekaru muna yi ba wanda ya ji ciwo. Abu ne da ba a faɗa, Neng. In aka faɗa ya lalace, kamar madarar kwakwa in ta kwana."

"To Nini, in je in kawo miki yanzu?"

"A'a. Rantang ɗin Omoh ya gama shigowa gidan nan."

Ta shafa kan yarinyar ta ce ta yafe, ta sallame mu. Na kama hannun Titin muka juya, raina a ɓace, don yafiya dai an samu amma faifan nan shi ne Sallar tsohuwa.

Na tarar da Bi Omoh tana yanka albasa, na gaya mata komai, har da maganar uwarta.

"Ni nake tsinko ganyen," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Sai da na fara aiki a gidan Bu Haji na ga gonar ayaba a bayan injin, ba a hango ƙarshenta. Ban gaya wa uwata ba. Har ta koma ga Allah tana alfaharin girkin Bu Haji ba ya yiwuwa sai da ganyenta."

"Ta ce fa rantang ɗinki ya gama shiga gidanta."

"To," in ji Bi Omoh. Ta ci gaba da yanka albasa, ta sallami sauran yara zuwa sauran gidaje.

Bayan la'asar na rufe shago na shiga madafa ina taya ta kwashe tukwane. Yara sun gama aike sun taru a benci suna jiran ƙanzo, Titin ce kawai ba ta nan. Ina shirin fita nemanta sai ga ta a ƙofa, riƙe da wani tsohon rantang na tagulla da ba jan zare a mariƙinsa, an goge shi da toka yana ƙyalli. Ba ta karkace ba, don ba shi da nauyi. Ashe Nini Uti ce ta hango ta a hanya ta yafuto ta. Ta tsaya tsaf, ta miƙa da hannu biyu.

"Assalamu alaikum. Bu Haji tana gaisuwa, ga ɗan abin buɗa-baki." Ta ci gaba, "Ta ce kuma citta ta yanke mata, don Allah a taimaka mata da ita a cikin rantang."

Bi Omoh ta goge hannu a zane ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe hawa-hawa. A ƙasa 'yar farar shinkafar nan ce da muka gani a faifai, an dafa. A na biyu rabin busasshen kifi. Na uku da na sama an cika su da ganyen lemo.

Deden ya miƙa wuya ya ce, "Ai a bayan ɗakin Nini ma akwai cit..."

Titin ta take masa ƙafa da iya ƙarfinta, ya haɗiye sauran.

Ni sai a lokacin na gane abin da tsohuwar ta yi. Ba ta karya maganarta ba, rantang ɗin Omoh bai shiga gidanta ba. Ita ce ta fara aikowa, rantang kuma ba ya komawa wayam, yanzu Bi Omoh ce nauyi ya hau. Na ji kunyar haushin da na yi ta ji, na kuma ji wani daɗi da ya sa na rasa inda zan sa hannuna.

Bi Omoh ta juye shinkafar da kifin a farantinta na baƙi. Ta wanke rantang ɗin da kanta, ta hana kowa taɓawa. Ta zuba shinkafa ta danna, ta zaɓo cinyoyin kaza, ta cika hawa na uku da dankali da hanta har murfi yana ƙin zama. Ta zaga baya ta tono citta mai yawa, ta wanke, ta shimfiɗa a hawan sama.

"Neng, me za ki ce?"

"Bi Omoh tana amsawa, ga cittar."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Yauwa. Ba a gudu."

Titin ta fita a karkace. Ba da daɗewa ba aka buga gangar masallaci, aka kira salla, muka sha ruwa. Ga tukwanen kaza da nama a gaban Bi Omoh, amma ta jawo farantin nan ta buɗe baki da farar shinkafa da rabin busasshen kifi, ta cinye tas, tana harar duk yaron da ya kalle ta. Muka yi salla, Titin ba ta dawo ba. Bi Omoh ta fita ƙofa ta dawo, ta sake fita ta dawo, ta yi wa kyanwa faɗan da ba ta san dalilinsa ba.

Can sai ga yarinyar, hannu wofi, bakinta duk maiƙo.

"Ta karɓa?" in ji Bi Omoh.

"Ta karɓa. Ta ce in zauna mu ci tare."

"Ta ci?"

"Ta ci cinya biyu."

"Me ta ce?"

Titin ta dube ni, ta dubi Bi Omoh, ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Faɗi, Neng. Wannan karon na ba ki izini."

"Ta ce gishiri ya yi yawa a kazar. Ta ce tun kina yarinya take gaya miki ba kya ji. Ta ce gobe in an sauko daga Idi ki je ta sake nuna miki."

Matar da duk ƙauyen nan ba mai iya cewa miyarta ta yi kaza ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba, ba ta ko ɓoye wa yaran ba.

"Da gaskiyarta," ta ce. "Enok, ki goge mini zanena na fita."